Kwana goma a Japan: ta ina za mu fara shiri?

"Assalamu alaikum. Ni da uwargidana mun daɗe muna tara kuɗi don mu je yawon buɗe ido Japan, kuma kwana goma muke son yi. Ita burinta ta ga furen nan da ake nunawa a hotuna, ni kuma jirgin ƙasansu mai gudun tsiya da Dutsen Fuji. Na rubuta Tokyo, Kyoto, Osaka, Hiroshima, Sapporo da Okinawa. Wani abokina ya ce lallai in sayi tikitin jirgin ƙasa na baƙi tun daga gida. Daga Kaduna muke. Ta ina zan fara? Kuma yaya batun biza, abincin halal da sallah?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a abin da kuka tara, ya kai ku ya dawo da ku lafiya. Idan na fahimce ka, kana son sanin lokacin da ya dace ku tafi, wuraren da za ku je, yadda za ku samu izinin shiga, da yadda za ku ci ku yi ibada hankali kwance. Duk zan taɓa su. Amma bari in fara da abin da ba ka tambaya ba, domin shi zai daidaita sauran: garuruwa shidan nan da ka lissafa ba za su shiga kwana goma ba. Idan ka matsa sai sun shiga, abin da za ku gani a Japan shi ne tashoshi da filayen jirgi, uwargida kuma ta dawo da ciwon ƙafa maimakon hotunan fure.

Shirya wa mutane tafiya ita ce sana'ata, kuma na taka ƙasar sau da dama, wani zuwan ni kaɗai, wani da ƙaramin ayari a bayana. Kusan duk wanda ya zo mini da maganar Japan da irin jerinka yake zuwa. Dalilin a fili yake. A taswira ƙasar kamar siririn ƙyalle take a gefen Asiya, sai mutum ya ɗauka ko'ina kusa ne. Alhali manyan tsibirai huɗu ne, Honshu da Hokkaido da Kyushu da Shikoku, ga ƙanana birjik, kuma sun miƙe kusan kilomita 3,000 daga arewa zuwa kudu. Sapporo tana can arewa a Hokkaido, Okinawa tana can ƙuryar kudu, tsakaninsu ya ninka nisan Kano da Legas fiye da sau biyu. Kowannensu sai ka sake hawa jirgin sama, kuma kowanne zai cinye maka yini guda a zuwa, yini guda a dawowa.

Sannan ka ƙirga kwanakin da kyau. Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Japan. Za ku tashi daga Abuja ko Legas ko Kano, ku ya da zango a Doha ko Istanbul ko Addis Ababa ko Alƙahira, kuma da wuya tafiyar ta gaza awa ashirin idan aka haɗa da jira. Agogon Japan yana gaban namu da awa takwas. Wato idan hutun da ka ɗauka a wurin aiki kwana goma ne cif, kwana bakwai kawai za ku yi a ƙasar, na farkon ma a magagin barci. Shawarata ka nemi hutun kwana goma sha biyu ko sha uku, don ku samu dare tara ko goma a can.

Da dare tara a hannu, ga yadda nake raba wa masu zuwan farko: huɗu a Tokyo, huɗu a Kyoto, ɗaya a Osaka. Fuji ku je masa yini guda daga Tokyo, Nara yini guda daga Kyoto. Hiroshima tana iya shiga idan kun samu dare na goma. Sapporo da Okinawa a ajiye su sai wani jiƙon.

Furen da ba ya jiran kowa

Tunda burin uwargida fure ne, shi zai yanke muku ranar tafiya, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara. Sunansa sakura. Daga ranar da ya fara buɗewa zuwa ranar da bishiya za ta cika fal kamar mako guda ne, sannan ya yi kamar wani makon yana zuba. Ruwa mai ƙarfi ko iska na kwana ɗaya kan iya kakkaɓe shi kafin lokaci. A Tokyo da Kyoto yawanci ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu ne, amma shekara ba ta kama da shekara. Akwai wata bishiya guda a harabar wurin bauta na Yasukuni da ke Tokyo wadda jami'an hukumar yanayi ke zuwa su duba; idan suka ƙirga fure biyar ko shida a jikinta, sai a sanar cewa kakar ta buɗe. A 2023 ranar 14 ga Maris aka yi sanarwar, a 2024 kuwa sai 29 ga Maris. Ka ga ratar mako biyu ke nan. Wanda ya sayi tikitin 2024 da lissafin 2023, busassun rassa ya tarar.

Abin da nake yi shi ne in sa tafiyar ta faɗo tsakanin 27 ga Maris da 8 ga Afrilu, in kuma bar wa kaina hanyar gyara. Furen daga kudu yake farawa ya hau arewa, kuma yana makara a wurare masu tudu. Idan kun iso ya riga ya zube a Tokyo, gefen tafkin Kawaguchi a gindin Fuji kan kai tsakiyar Afrilu kafin nasa ya cika. Idan kun riga shi, to kwanakinku na ƙarshe a Kyoto za su iya cin ƙarfinsa. Tun daga watan Janairu kamfanonin hasashen yanayi na Japan ke fara fitar da ranakun da suke tsammani, suna sabunta su lokaci-lokaci.

Sai dai ka sani, lokacin nan duk duniya ke son zuwa. Baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan a 2024, kuma a makon sakura sai ka rantse rabinsu a Kyoto suke. Ɗakin otal kan ninka kuɗinsa, masu kyau su ƙare wata huɗu ko biyar kafin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai je ƙarshen Maris, a Nuwamba ya kamata ya kama ɗaki. Kuma sanyi ne, Malam. Da safe yakan sauko ƙasa da digiri goma, ga iska. Ku tafi da riguna masu kauri da safa.

In da ni aka bar wa zaɓi, tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshenta zan ce. Ganyaye na rikiɗa su koma ja da ruwan ɗorawa, abin yana daɗewa fiye da fure, sama tana washewa, Fuji yana fitowa tas. Amma na san ba a canja wa uwargida buri da hujjar yanayi, don haka na bar maganar a nan.

Lokutan da zan ce ku kauce musu kuwa: daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, lokacin da ranakun hutu ke jeruwa duk ƙasar ta fito tafiya, Yuni zuwa tsakiyar Yuli, daminarsu ke nan, Agusta, da zafi mai gumi da ke hana numfashi ga hutun Obon na tunawa da magabata a tsakiyarta, da kuma kwanakin shiga sabuwar shekara, lokacin da wurare da yawa ke rufewa. Mahaukaciyar guguwar teku ta fi yawa a Agusta da Satumba, kuma takan tsayar da jiragen ƙasa.

Biza

Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ne ke yanke hukunci. Irin wadda kuke buƙata ita ce ta gajeren zama. Abin da suke son gani bai wuce abu uku ba: cewa kana da kuɗin tafiyar kuma kuɗin naka ne, cewa kana da abin da zai dawo da kai gida, da cewa ka san abin da za ka je yi. Na farko bayanan asusun bankinka ne ke nuna shi, na biyu takardar wurin aiki ko ta rajistar kasuwanci da izinin hutu, na uku kuma wata takarda ce da mutanenmu ke rainawa alhali tana da nauyi: jadawalin zama, rana-rana, da sunan gari da abin da za a yi da otal ɗin da za a kwana da lambar wayarsa. Shi ya sa na fara da gyara maka jerin garuruwa. Jami'in da ya ga Sapporo yau, Okinawa jibi, Hiroshima gata, zai gane wanda ya rubuta bai zauna ya yi lissafi ba. Ku haɗa da shaidar aure idan kai ne za ka ɗauki nauyin uwargida.

Kada ka zuba maƙudan kuɗi a asusu mako guda kafin nema don ya yi kyan gani. Asusun da ke nuna albashi ko ciniki na shiga yana fita wata da watanni ya fi wanda ya kumbura dare ɗaya daraja. Kuma ka lura da abubuwa biyu na ƙa'idarsu. Bizar shiga sau ɗaya wata uku take yi daga ranar da aka buga ta, don haka neman ta da wuri fiye da kima ɓata ta ne. Mai zuwa ƙarshen Maris ya nema a Janairu ko farkon Fabrairu. Idan kuma aka hana mutum, ba a gaya masa dalili, kuma ba za su karɓi sabuwar takardarsa a kan manufa ɗaya ba sai bayan wata shida. Saboda haka a kama otal da za a iya sokewa ba tare da asara ba, a kuma riƙe kujerar jirgi, kada a biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Ka yi hattara da 'yan "kawo in yi maka hanya". A watan Agustan 2025, bayan taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama, labari ya bazu cewa an ware wa 'yan Najeriya garin Kisarazu har da biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta ƙaryata maganar bizar, kuma JICA, hukumar haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa ta Japan, ta janye shirin gaba ɗaya a watan Satumba. Duk da haka har yanzu akwai masu cin kasuwa da labarin. Ni ba ma'aikacin ofishin jakadanci ba ne, kuma jerin takardu da kuɗin nema da wurin miƙa su kan sauya, don haka abin da ke shafinsu ranar da za ka nema shi ne abin bi, ko da ya saɓa wa abin da na faɗa.

Tikitin da abokinka ya ce ka saya

Abokinka ya yi gaskiya, amma gaskiyar 'yan shekarun baya. Tikitin da yake nufi shi ne Japan Rail Pass, wanda ke ba baƙo damar hawa jiragen ƙasa na kamfanonin JR iya son ransa na wasu kwanaki. Kafin Oktoban 2023, na mako guda bai kai yen (kuɗin Japan) 30,000 ba, kusan daidai da kuɗin zuwa Kyoto daga Tokyo da dawowa, don haka kowa saye yake ba tare da tunani ba. A Oktoban 2023 ɗin aka ɗaga shi zuwa yen 50,000. Yanzu sai an yi lissafi.

Tokyo zuwa Kyoto a Shinkansen, wato jirgin nan mai gudun tsiya, kimanin yen 14,000 ne. Idan ka sayi tikitin jirgin sama mai sauka a Tokyo, a Haneda ko Narita, ya kuma ɗauke ku daga filin Kansai na Osaka, to sau ɗaya tak za ku yi wannan doguwar tafiya. Kyoto zuwa Osaka ko Nara 'yan ɗaruruwan yen ne a jirgin gari. Ka ga ba ka ko kusanci 50,000 ba. Ko da kun ƙara Hiroshima kun kuma koma Tokyo, da ƙyar kuɗin zai fanshi kansa. Bugu da ƙari, tikitin bai haɗa da Nozomi ba, wato jirgin da ya fi sauri ya kuma fi yawan tashi a wannan layi, sai an biya ƙari. Idan Hiroshima ta shiga tsarinku, kamfanin JR na yamma yana da nasa tikitin yanki na kwana biyar mai haɗa Kansai, wato yankin Osaka da Kyoto, da Hiroshima, ya fi arha nesa ba kusa ba, har jirgin ruwan tsallakawa tsibirin Miyajima yana ciki.

Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina bayan ƙarin kuɗin. Sabo ya sa na saya wa ayarina ba tare da na sake lissafi ba, sai ga mu muna ƙirƙiro tafiye-tafiyen da ba mu da niyya don kawai kada kuɗin ya tafi a banza. Tikiti ya koma shi ke jan mu.

Shi jirgin kansa zai biya maka buƙata. Tun 1964 yake zirga-zirga tsakanin Tokyo da Osaka, kuma Nozomi kan kai Kyoto cikin awa biyu da kwata. Idan an rubuta 9:03, to 9:03 ƙofa ke rufewa. Ga wani sirri da zai haɗa maka burinka biyu: lokacin yankar tikiti daga Tokyo, ka nemi kujera mai harafin E, ita ce ta jikin taga a hannun dama. Bayan kamar minti arba'in da tashi, idan sama ta washe, Fuji zai bayyana a tagarka, fari fat a ka, ya cika gilashin na 'yan mintuna sannan ya shige baya. Na ga dattijon da ya yi shiru tun daga Abuja ya miƙe tsaye yana "Tabarakallah" a wannan wurin. Tsawon dutsen mita 3,776. Hawansa kuwa sai daga Yuli zuwa farkon Satumba, don haka a lokacinku kallo ne kawai. Ranar da za ku je Kawaguchi, bas ne na kamar awa biyu daga Shinjuku a Tokyo, kada ku ƙayyade ta tun daga gida. Ku duba hasashen yanayi a Tokyo ku zaɓi safiyar da ta fi haske, domin dutsen yana da rowa, sai ya yini lulluɓe da gajimare.

Na cikin gari kuwa, ku sayi katin Suica ko Pasmo ko ICOCA, ku riƙa zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas, har a kanti ana biya da shi. Jirage na daina aiki wajen sha biyun dare, kuma tasi tana da tsadar gaske.

Abinci, alwala da alƙibla

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne abin da ya fi wahalar da mutanenmu. Matsalar ba naman alade da ake gani a faranti ba ce, wannan kowa zai kauce masa. Matsalar wanda ya ɓuya ne. Romon taliyar ramen sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, ko da an ɗora kaza a sama. Miyar kori ta kanti kan ƙunshi kitsensa. Sannan girkinsu na gargajiya yana amfani da mirin da sake, dukansu daga giyar shinkafa, a miya da romo, wani lokaci har a shinkafar sushi. Ka sa wannan harafi a wayarka ka haddace kamanninsa: 豚. Shi ne alade. Na giya kuma 酒. Manhajar fassara mai amfani da kyamara tana karanta bayan leda, kuma ta fisshe ni kunya ba sau ɗaya ba.

Abin dariya, sunan alade da Japananci "buta". Wata rana a kantin kayan yen ɗari nake ce wa abokin tafiyata da Hausa mu duba ko za mu samu buta, sai wata dattijuwa mai jera kaya ta juyo da fara'a tana nuna mana hanyar wani kantin nama a ƙasan bene. Sai da muka fito muka gane abin da ya faru. To ka kiyaye bakinka a gidan abinci.

Butar ma ba za ku nema ba sosai. Yawancin bandakunansu, har na tasha, suna da maɓallin fesa ruwan tsarki, galibi mai ɗumi. Wurin wanke ƙafa ne ke da wuya, domin ɗora ƙafa a kwamin wanke hannu abin ƙyama ne a wurinsu. Ku yi alwala kafin ku fita otal, ku kuma riƙe ƙaramar gorar ruwa da ɗan tawul.

Gidajen abincin halal suna nan a Tokyo da Kyoto da Osaka, sun kuma ƙaru sosai saboda baƙi daga Malesiya da Indonesiya. A Tokyo, a unguwar Asakusa za ku samu ramen na halal, a Shin-Okubo akwai layin kantunan Musulmi, ga gidajen abincin 'yan Indiya da Pakistan da Turkiyya ko'ina. Dabarata ita ce kowace rana in san inda za mu ci babban abinci guda tun kafin mu fita, in gina yawon yinin a kewayensa. Sauran a cike da kayan ƙananan kantunan da ba sa rufewa, irin su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart: dafaffen ƙwai, ayaba, madara, gasasshen dankalin Hausa a lokacin sanyi, da curin shinkafa mai kifi a ciki wanda suke kira onigiri, bayan an duba bayan ledar. Hukuncin ɗan abin da ke cikin miya na mirin, malamai sun yi magana a kai kuma ni ba malami ba ne. Ka tambayi wanda ka amince da shi tun a Kaduna, don kada ku tsaya gardama da uwargida a bakin gidan abinci da yunwa.

Kada ku ce za ku yi guzurin kilishi ko dambun nama. Japan ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da shi ba tare da takardar hukuma ba, kuma tarar tana iya kaiwa yen miliyan 3. Suna da ƙananan karnuka masu sunsuna kaya a wurin ɗaukar jaka. Na ga ɗaya ya zo ya zauna a gaban jakar wata baiwar Allah da ke ayarina, yana kaɗa wutsiya kamar ya ga ɗan'uwa, ashe ƙullin kilishi ne a cikin takalmi. Allah ya taimaka an tsaya a ƙwacewa da gargaɗi. Yaji da garin kunu da busasshen abin da ba nama ba sun fi sauƙi, amma ku bayyana duk abincin da ke jakarku idan an tambaya. Haka magani: masu ɗauke da kodin ko wasu magungunan mura suna da tsauraran dokoki, kuma wanda zai shiga da maganin likita na fiye da wata guda sai ya nemi izini tun kafin ya tashi.

Alƙibla kuma za ta ba ka mamaki. Mu da muka saba cewa "fuskanci gabas", a Japan yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Filayen jirgin Narita da Haneda da Kansai duk suna da ɗakin sallah, wasu manyan kantuna da tashoshi ma haka. Ku tsara Juma'a ta same ku a ɗaya daga wurare biyu. Tokyo Camii, kusa da tashar Yoyogi-Uehara, ginin Turkawa ne mai ƙubba da aka sake ginawa a 2000 a gurbin tsohon masallacin 1938. Ko kuma masallacin Kobe, kamar rabin awa daga Osaka, wanda aka buɗe a 1935. Shi ne mafi tsufa a ƙasar, ya tsallake ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu da girgizar ƙasar 1995 yana tsaye. Hijabin uwargida ba zai jawo mata matsala ba a iya abin da na gani, kuma a lokutan cunkoso jirage da yawa suna ware tarago na mata zalla.

Galibin wuraren da ake zuwa gani a Kyoto da Nara wuraren bautar addinin Shinto ne da na Buddha. Ba wanda zai ce ka rusuna ko ka jefa kuɗi ko ka tafa hannu. Baƙo yana shiga ya kalli gini da lambu ya fita. Wasu daga cikin waɗanda na kai sun shiga, wasu sun tsaya a lambuna da fadoji da kasuwanni, kuma Kyoto, wadda ta yi fiye da shekara dubu tana babban birni tun daga 794, tana da isassu na kowane iri. Ko wanne kuka zaɓa, sammako shi ne magani. Fushimi Inari, mai dubban jajayen ƙofofi jere a kan dutse, ba a rufe shi kuma ba a biya. Bayan sallar asuba za ku same shi kusan ku kaɗai, ƙarfe goma kuwa sai turereniya. Haka dajin gora na Arashiyama. A Nara barewa ce ke yawo cikin mutane tana karɓar biskit daga hannu, ku dai riƙe takardunku da kyau don har taswira tana ci. A unguwar Gion an hana ɗaukar hoto a ƙananan lungunan da ba na gwamnati ba, akwai tara.

Masauki, kuɗi da kaya

Ɗakunan otal masu matsakaicin farashi ƙanana ne ƙwarai. Manyan akwatuna biyu ba za su buɗu a lokaci guda ba, kuma gadon da suke kira na mutum biyu wani lokaci faɗinsa santimita 120 ne kawai, don haka ka duba girman ɗaki da na gado kafin ka biya, ka kuma fifita kusanci da tasha a kan kyan hoto. Masaukin gargajiya, ryokan, inda ake kwana a kan tabarma, kuɗinsa na kowane kai ne ba na ɗaki ba, kuma wankan ruwan zafinsa tsirara ake yi cikin jama'a, maza daban mata daban. Idan kuna son gwadawa ku nemi mai wurin wanka na keɓe, ku kuma gaya musu batun abinci tun lokacin kama ɗaki.

Ku rage kaya. Akwatin da tsawo da faɗi da kaurinsa suka haura santimita 160 a haɗe sai an kama masa kujera ta musamman a Shinkansen na wannan layi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba otal ya aika da shi otal na gaba. Washegari yake isa, kuɗin bai taka kara ya karya ba, ku kuma ku tafi da 'yar jaka.

Kada ka dogara da katin naira. Ka tafi da katin asusun dala da kuma tsabar dala da za ka canja, domin ƙananan gidajen abinci da wuraren tarihi da yawa har yanzu tsaba suke karɓa. Na'urorin cire kuɗi na 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katin waje. Ba a ba da tukwici, in ka bar canji a tebur sai a biyo ka da shi. Soket ɗinsu mai baki biyu ne shafaffu, wutar kuma bolt 100, don haka a sayi adafta tun a gida. Ku cike bayanan shige da fice da na kwastan a shafin intanet na Visit Japan Web kafin ku sauka, kuma fasfo ya kasance a jikinku kullum. Doka ce, ɗan sanda na iya tambaya a kan titi. A jirgin ƙasa ba a amsa waya, ana kuma rage murya, abin da ya fi ba ayarina wuya fiye da rashin tuwo. Kwandon shara ba shi da yawa, sai ka riƙe ledarka har otal. Idan wayoyin jama'a suka ɗauki ƙara lokaci guda, gargaɗin girgizar ƙasa ne. Ka kare kanka ka yi abin da na kusa da kai ke yi.

Ban saka maka jimillar kuɗi da naira ba da gangan, domin canji da farashin tikiti na iya sauyawa kafin ka gama karanta wannan. Abin da na saba gani shi ne tikitin jirgin sama da otal ke cinye kaso mafi tsoka, abinci da zirga-zirgar gari ba su kai yadda ake tsoro ba. Sanina kuma ya fi ƙarfi a layin Tokyo zuwa Hiroshima. Ranar da kuka tashi zuwa Hokkaido ko Okinawa, ku nemi wanda ya fi ni zama a can. A wannan makon dai, ka ciro fasfonku biyu ka duba ranar ƙarewarsu, ka zauna da uwargida ku tsayar da ranaku, sannan ka fara kama ɗakin Kyoto kafin na Tokyo, domin shi ke fara ƙarewa.